Jego a Dubai da Jarrabawar Gida

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Wadda ta zo yi min sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce in ba ta labari, ina kaiwa tsakiya wata ta yi sallama, a ce in koma farko. Ranar Asabar a Islamiyya malama ba ta gama rufe littafi ba aka kewaye ni. Wasu gwal suke tambaya, wasu dogon benen nan da ake nunawa a waya, wasu kuma sun ji ƙishin-ƙishin wai na kusa hana surukina sayar da gida. To ga shi zan faɗa sau ɗaya yadda abin ya faru, kowacce ta karanta, bakina ya huta.

Ga wadda ba ta san ni ba, aikin koyarwa na yi, na yi ritaya ina shugabar makarantar firamare. Ban taɓa fita ƙasar waje ba sai aikin Hajji. Autata ce take aure a Dubai. Mijinta Nasiru akanta ne a wani kamfanin kayan gyaran mota da ke Ras Al Khor, unguwar garejoji da rumbunan kaya. Da Allah Ya sauke ta lafiya, haihuwar fari, aka ce ni zan je in yi mata zaman jego. Biza ta yi ta jan ƙafa har aka yi suna ba na nan. Sunan mijina marigayi Malam aka sa wa yaron, don haka ni Maigida nake ce masa.

Da bizar ta fito na haɗa kayan aiki: garin kunu, kanwa, busasshen ganyen darbejiya, yajin jego, daddawa, kuka, kilishi, turaren wuta, da muciyata. A filin jirgin Kano sikeli ya ce na yi yawa. Yarinyar da ke awo ta ce in rage, ta nuna muciya. Na ce mata, "'Yar nan, gara ki ce in bar takalmina." Ƙarshenta atamfofin da na ɗauko na tsaraba su suka koma gida, muciya ta hau jirgi.

A jirgi aka haɗa ni kujera da wata 'yar kasuwa mai safarar abaya, wadda ta ce ita Dubai ta zama mata kamar zuwa Kurmi. Muka sauka a Addis muka sake jirgi, duk tana riƙe da hannuna kamar an ba ta amana. Abincin jirgi kuwa, in kika ga kwanon sai ki ɗauka na wasan yara ne. Na cinye na zauna ina jiran a kawo na gaske, sai na ga ana kwashe kwanuka. Abokiyar tafiyata ta ba ni shawara ɗaya: "Hajiya, in mun sauka, duk abin da suka ce ki ce to. Ba a gardama a ƙasar nan."

Da muka sauka aka tsayar da ni gaban wata na'ura aka ce in kalle ta. Na kalla, ta ƙi ni. Aka ce in cire tabarau, na cire, sai ya zama ita tana ganina ni ba na ganinta. Da ƙyar muka daidaita. Daga nan sai wajen duba kaya. Wani saurayi cikin farar jallabiya tas, ko ɗigon miya babu, ya buɗe jakata ya ɗaga ƙullin kanwa. Ya juya ta, ya dube ni, ya tambaye ni da Turanci mene ne wannan. Turanci dai ina ji, amma duk shekarun da na yi a aji ba a taɓa tambayata sunan kanwa da Turanci ba. Sai na ɓantari kaɗan na lasa don ya ga ba guba ba ce. Ya zaro ido ya kira abokin aikinsa. Suka shinshina darbejiya, suka ɗaga muciya suna duba ta kamar makami. Can hannunsa ya kai ga robar daddawa ya buɗe murfin. Ban san me ya ce da Larabci ba, amma da kansa ya mayar da komai, ya zuge jakar, yana cewa, "Khalas, Mama, khalas. Yalla." Wato an gama, in kama gabana.

Ƙofar fita na buɗewa na ji kamar an tura ni cikin tanderun burodi. Tabarauna ya yi hazo nan take, ban ga kowa ba sai murya na ji: "Umma, sannu da hanya." Nasiru ne. Yaron kirki, ya durƙusa har ƙasa a wajen ajiye motoci, gwiwarsa a kan kwalta. Ni kuwa na shiga amsa gaisuwa yadda ta kamata, ya mai jego, ya jariri, ya aiki, ya mutan gidanku, an yi suna lafiya. Ina lura yana ta sauya gwiwa, na ce a raina kunya ce. Sai da na taka kwaltar da silifas na ji zafin ya ratso tafin ƙafata, sannan na gane gasa shi nake yi.

Gidansu yana da nisa, a wata unguwa da ake kira Dubai Investments Park. Sunan kamar wurin shaƙatawa, amma masana'antu ne da rumbuna da motocin kwasar ma'aikata, sai rukunin benaye a gefe. A hawa na shida suke. Ba zaure, ba tsakar gida, ba inda za ki shanya ko tsumma sai 'yar baranda. Abin da ya fi ba ni mamaki, an yi haihuwa a gidan amma maƙwabta ba su sani ba. Ƙofa na kallon ƙofa, ba wanda ya shigo barka.

Ina shiga falo sanyi ya doke ni har cikin ƙashi. Me zan gani? Auta a kan kujera, 'yar riga ba hannu, kai ba ɗankwali, esi na hura mata a ƙeya, ga kofin ruwa da ƙanƙara a hannunta. Na yi salati.

"Ke! Ɗanyen jiki gare ki kike zaune a firji? Ina wankan?"

"Umma, ina yi mana. Da shawa."

"Da shawa! Ba ni abin kashe injin nan."

Ta miƙo min rimot tana dariya, ta ɗauka wasa ne. Tun daga ranar rimot ɗin ya koma cikin lalitata.

Washegari na fara aiki. Na buɗe famfon sanyi don in wanke hannu, ruwa ya zubo da zafi. Auta ta ce haka yake da bazara, tankin yana saman bene rana na dafa shi, har ma mutane kashe hita suke yi su riƙa samun ruwan sanyi daga famfon zafi. Na ce ikon Allah, ƙasar da famfo ma ya san jego. Sai dai zafin bai kai wanda nake so ba, kuma tukwanensu duk 'yan mitsi-mitsi ne. Na sa Nasiru ya kai ni tsohuwar kasuwa a Al Buteen, bakin ruwa, inda shaguna ke manne da juna kamar Kantin Kwari. Can na ji Hausa ta ko'ina, ta Kano, ta Zinder mai Faransanci a ciki. Muka samo tukunya irin ta biki. Mai shagon ya tambayi Nasiru gidan abinci zai buɗe? Shi dai murmushi ya yi ya sunkuci tukunya.

Safe da yamma tukunyar nan tana kan murhun lantarki, kawuna biyu take hayewa, ga butar lantarki tana taya ta, ga hita na kunne. Na tsaga wani tsohon zane na cusa a ƙarƙashin ƙofar baranda da gefen tagogi, don na ji iska na shigowa ta nan. Kunu kam mun yi gardama a kansa. Auta ta ce likitarta ta hana ta kanwa, kuma ta ce ruwan kada ya kai na ƙuna, wai yana taɓa zuciya. Na ce mu da aka yi mana ga mu da ranmu. Ta ce, "Umma, waɗanda ba su da ran ai ba sa nan balle su faɗa." Ta fi ni gaskiya a nan. Na ajiye kanwa, na riƙa sirka ruwan. Amma esi na ce wannan ba ciniki.

Da na ga gidan ya fara warin gumi sai na kunna gawayi a kasko na zuba turaren wuta. Hayaƙi bai gama tashi ba wani abu a rufin ɗaki ya fasa ihu. Maigida ya tsandara kuka, Auta ta fito da gudu, aka hau buga ƙofa. Na buɗe na ga wani dattijo baƙi mai furfura cikin kayan gadi, yana haki, riƙe da jar tukunyar kashe gobara. Ya dubi kasko, ya dube ni, sai ya ce da Hausa, "Ei, Mma! Kai ne ka zo daga Kano? Ka kashe wutan nan, don Allah."

Na waiwaya in ga namijin da yake wa magana. Ba kowa sai ni.

"Malam, ni kake ce wa kai?"

"Kai mana, Mma. Ka yi haƙuri."

Auta ta raɗa min cewa Malam Idrisu ne maigadin benen, mutumin zangon Kumasi a Gana, kuma su Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Daga baya muka saba ƙwarai. Ina aika masa kunu, shi kuma ranar hutunsa ya kawo min shinkafa da wake irin tasu mai ja, da baƙin yaji mai kifi. Har na baro ƙasar ina "kai" a bakinsa.

Shi ne ma ya fara fasa min ƙwai. Wata yamma na sauka in miƙa masa kwano, sai na hangi Nasiru a kujerar baƙi ta ƙasan bene, inda sanyi yake, ya ɗora kai a jikin bango yana barci da jakar aikinsa a cinya. Na ja da baya.

"Lafiya yake kwana a nan?"

"Kullum ne, Mma. In ya dawo aiki sai ya huta nan kafin ya hau. Ya ce sama akwai zafi shwaiya." Wato kaɗan. Sai ya ƙara da cewa, "Ka san gobe bayan gobe za a zo a yi wa gidan jarrabawa?"

"Wace irin jarrabawa? Gidan ne zai zauna ya rubuta?"

Ya yi min bayani iya saninsa. Na hau sama na tsare Auta, ta ƙarasa min. Ashe gidan nasu sun sa shi a kasuwa. Wajen aikin Nasiru ya yi nisa, yana fita yaro na barci ya dawo a gajiye, sun kuma samu wani gida mai ɗaki biyu kusa da aikin, an yi magana, ana jiran su sayar da wannan su cika. Mai gidan can ya ba su wa'adi, in ya wuce zai ba wani. An daɗe ba a samu mai saye na gaske ba sai wani Bature, shi kuma ya kafa sharaɗi. Ya ce a ƙasarsu doka ce, ba a sayar da gida sai masani ya zo ya auna yawan wutar da gidan ke ci kafin ya yi sanyi ko ɗumi, ya ba shi maki, daga A mai launin kore har zuwa G mai launin ja, a nuna wa mai saye. Nasiru ya ce masa su ba wanda ya nemi wannan a wurinsu lokacin da suka saya. Bature ya ce to shi yana nema, in babu takarda babu ciniki.

"Me ya sa ba ku gaya min ba?"

"Shi ya hana. Ya ce kada ki ga kamar ana korar ki da tukunyarki."

Raina ya sosu, amma wani ɓangaren kuma na ji jinina ya motsa. Maki? A zuwa G? Ai an zo fagena. Na sha karɓar sufetocin makarantu, na san yadda ake yi. Ba a barin baƙo ya ga aji da datti, kuma ba a barin sa da yunwa. Na ce wa Auta ta kwantar da hankalinta, gidan 'yata ba zai faɗi jarrabawa ina raye ba.

Na wanke gidan nan har bayan firji. Na ƙara cusa tsummoki, na bi su da tsinke don kada su nuna. Na dafa tuwon shinkafa da miyar kuka. Ranar jarrabawar kuma na ce bari a yi wankan safe da wuri a gama, amma Maigida ya tashi da rigima, duk wuyansa da bayansa ƙananan ƙuraje, muka ɓata lokaci a kansa. Saboda haka lokacin da aka buga ƙofa tukunya tana tsakiyar tafasa, ni kuma na baza yajin jego a faranti a kan ɗan teburin da ke bakin ƙofa ina tankaɗewa, don ya ɗan dunƙule a hanya.

Mai jarrabawar mace ce, injiniya 'yar Indiya, 'yar siririya da tabarau, tana jan akwati. Bayanta Baturen, dogo har sai ya sunkuya. Nasiru ya ɗauki hutun rabin yini, yana gefe yana murza hannu. Injiniya na sa ƙafa a falo tabaraunta ya rufe da tururi. Ta cire ta goge, ta mayar, ya sake rufewa. Ta tambaya ko esin ya lalace. Nasiru ya dubi ƙasa. Auta ta dube ni. Na juya baya na zaro rimot daga lalita. Bature kuwa ya ce shi zai jira a waje, ya koma ya tsaya a farfajiyar da ke gaban ƙofa.

Ta fito da wata kyamara mai ganin zafi, abin da ke da zafi ya fito ja, mai sanyi ya fito shuɗi. Ta nuna kicin, gaba ɗaya ya yi jawur kamar an hura maƙera. Ta nuna bangon yamma, ja. Ta juyo ta wajena ban shirya ba, na ga wata jar mata mai baƙin tabarau. Na ce a'uzubillahi, ashe ni ce. Da ta isa ƙofar baranda ta tsuguna, ta sa yatsa ta jawo bakin tsumma. Ta yi ta ja, zanen nan yana fitowa kamar hanjin rago. Ta ɗaga shi sama ta dube ni ta saman tabarau. Wallahi kallon da nake wa yaro in na kama shi da satar amsa, shi ta yi min. Ta bi tagogi duk ta zare.

Sai ta ce saura gwajin iska. Ta kafa wani jan ƙyalle a ƙofar shigowa, da ƙatuwar fanka a tsakiyarsa. Fankar za ta zuƙe iskar gidan ta fitar waje, inda duk ke yoyo sai a ji iska na shigowa. Ta ce kowa ya matsa. Na matsa, amma farantin yaji yana nan a kan teburinsa, dab da bakin fanka, ƙyallen ya ɗan kare shi. Ta danna. Fanka ta ɗauka a hankali, ta ƙara ƙarfi. Ina kallo saman yajin nan ya fara tashi kamar hayaƙi yana bin fanka. Kafin in buɗe baki ya fita waje, inda Bature yake tsaye ya sunkuyo yana leƙen yadda injin ke aiki.

Ban taɓa jin atishawa irin wannan ba. Ta farko kamar an fasa taya. Ya yi ta jerawa, yana tari, yana kiran wani abu da yarensu. Injiniya ta kashe fanka, ragowar yajin ya dawo mana. Ita atishawa, Nasiru atishawa, ni atishawa, Auta ta suri yaro ta shige ɗaki ta rufe. Malam Idrisu ya fito daga lif da jar tukunyarsa, ya shaƙa sau ɗaya, ya ce, "Ei, Mma, kai ne kuma?" Shi ya kama Bature ya sauka da shi.

Yanzu muna dariya, amma a lokacin ba wanda ya yi. Nasiru ya zauna a hannun kujera, ido jawur. Na leƙa ɗaki na tarar Auta na share hawaye, kuma ba na yaji ba ne. Ta ce, "Umma, shi ke nan ya tafi. Wata nawa muna neman mai saye." Ta buɗe min wuyan yaron ta ce, "Wannan ma zafi ne, na kasa gaya miki." Na zo in gyara, ga jika da ƙuraje, ga suruki na kwana a kujerar baƙi, ga ciniki na watsewa.

Na yafa mayafina, na ɗauki ruwa da madara a kofi, na shiga lif ni kaɗai, abin da ban taɓa yi ba. Na sami Baturen a kujerar da Nasiru ke barci, fuska kamar tumatir, Malam Idrisu na yi masa fifita da kwali. Na tattaro Turancina na aji na ba shi haƙuri. Na ce laifina ne, ba na gidan ba, ba na yaran ba. Ya sha madara ya nisa, ya tambaye ni wannan wane irin makami ne. Na ce abinci ne, na mai jego. Na yi masa bayanin wanka da kunu da dalilin kashe esi. Ya yi dariya har atishawa ta dawo.

Da na ga ya sake sai na tambaye shi abin da ke cina. Na ce shi da idonsa ya ga gida, ya ga ɗaki, ya ga banɗaki, me takarda za ta ƙara masa? Ya ce gidan da ya tashi a ciki kyakkyawa ne in ka gan shi daga waje, amma bangonsa ba ya riƙe ɗumi. Da hunturu mahaifiyarsa ɗaki ɗaya take iya ɗumamawa, duk su taru a ciki, ita kuma kowace shekara da ciwon ƙirji take fita. Ya ce ido yana ganin fenti, ba ya ganin abin da za ka riƙa biya duk wata har ka tsufa. Na ce Allah sarki. Ashe ni da shi abu ɗaya muke gudu, sanyi ya kama uwa. Shi da takarda, ni da tukunya.

Muka hau tare. An buɗe tagogi, an goge ko'ina, injiniya ta sake gwajinta, wannan karon na ɗauke duk abin da iska za ta iya ɗauka. Ta zauna ta yi lissafinta a kwamfuta, ta juyo mana da ita. Ga tsani mai launuka, kibiya ta tsaya a kan D.

"D?" na ce. "Yarinya, a gidanmu ba a taɓa kawo D ba. Ki duba da kyau. Tururin nan nawa ne, gobe ma sai in daina."

Ta yi murmushi ta ce, "Mama, ba ke nake aunawa ba, ba kuma tukunyarki ba. Ko ba kowa a gidan D zai ci. Robar ƙofar baranda ta mutu, tagar yamma na shan rana, esin kuma ya tsufa."

"To ba a ƙara ko kaɗan don tsabta? Kin ga bayan firji kuwa?"

Ta ce ba a ƙarawa. Nan na ji abin da iyayen yara suke ji in sun zo ofishina roƙon maki, na kuma tuna amsar da nake ba su. Na zuba musu tuwo. Injiniya ta ci miyar kuka ta ce akwai irinta a garinsu. Bature ya ci loma biyu don kara, da na miƙo masa yaji ya ɗaga hannu biyu sama.

Kafin ya tafi ya ce wa Nasiru in an gyara abubuwan nan uku, aka sake aunawa, yana nan a kan maganarsa. Aka sa sabuwar roba, aka manna wata baƙar leda a gilashin yamma, aka sauya injin esin. Ni ma na yi nawa gyaran. Na mayar da rimot kan tebur. Aka daidaita, sanyi kaɗan a falo, mai jego da safa da ɗankwali. Ƙurajen Maigida suka baje. Da injiniya ta dawo gida ya ci C. Na ce mata da ni ce da na rubuta masa a ƙasa: an samu ci gaba, a ƙara ƙoƙari. Aka yi ciniki, aka sa hannu, ana saura kaɗan wa'adin gidan can ya cika. Ban ga tarewarsu ba, bizata ta ƙare bayan arba'in. Tukunyar na bar wa Malam Idrisu, ya ce za ta yi musu amfani a azumi.

A hanyar filin jirgi muna tafe, ni a baya, Nasiru na tuƙi, rana ta take. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Umma, in rage muku esin?"

Na ce, "Ƙaro shi."

Ya yi ƙoƙari ya riƙe, dariyar ta ƙwace masa. Ni ma na ja mayafi na rufe baki. Tun da ya auri 'yata ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar.

Sati biyu da dawowata maƙwabciyata Hajiya Talatu ta ce in raka ta duba wani gida da take son saya wa ɗanta. Muka je bayan la'asar. Dillali ya shiga gaba yana zuba: unguwa lafiya, ruwa ba ya kwanciya, ga masallaci kusa, maƙwabta mutanen kirki, iska kuwa ta ko'ina. Duk abin da muka saba tambaya ya amsa kafin a tambaya. Ni dai na shige ɗakin da ke kallon yamma na ɗora tafin hannuna a bango. Kamar na dafa bayan tanda. Na ɗaga kai, kwanon rufi ne da silin ɗan siriri, taga ɗaya ƙarama. Na kira Hajiya Talatu na ce ta dafa. Ta dafa ta janye hannu da sauri.

Na ce wa dillali, "Malam, gidan nan in watan Afrilu ya yi, a ina masu shi suke kwana?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, ke ce mai saye ko rakiya kika yi?"

Hajiya Talatu ta ce za ta yi shawara. Har yau tana shawarar. Dillalin kuwa layinmu yake bi kullum zuwa masallaci, amma in ya hango ni a ƙofar gida sai ya tsallaka ɗaya gefen.